"Labarin Gaskiya Ne": Fim, Kashe-kashen Hwaseong, Da Mutumin Da Ya Yi Shekara 20 A Kurkuku

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, gardama ta kaure tsakanina da wani abokina a kan wani fim na kisan kai da muka kalla. Ya dage sai da ya rantse cewa duk abin da aka nuna haka ya faru. Na ce masa ina hujjarka? Ya ce, "Haba malam, ba ka ga an rubuta a farkon fim ɗin ba? Labarin gaskiya ne fa." Shi ke nan, a wurinsa magana ta ƙare. Ni kuma daga nan tawa ta fara, domin na lura da yawanmu haka muke. Da zarar mun ga wannan layi a fuskar talabijin ko waya, sai mu ajiye tambaya gefe, mu karɓi fim a matsayin shaida, mu karɓi darakta a matsayin alƙali.

To yau tarihin wannan layi za mu bi, mu ga yaya finafinan da ake ginawa a kan laifukan da suka faru da gaske suke riƙe amanar labarin. Zan fi daɗewa a kan fim guda ɗaya na Koriya ta Kudu, saboda shi ne wanda lokaci ya yi wa jarrabawar da ba kowane fim ke samu ba.

Mu fara da sanin cewa abin ba sabo ba ne. Fim ɗin da masana tarihi da yawa ke ɗauka a matsayin dogon fim na farko a duniya, wato The Story of the Kelly Gang, an fitar da shi a Melbourne ta ƙasar Ostireliya a 1906, kuma labarin ɗan fashi ne. Ned Kelly da yaransa sun kashe 'yan sanda uku a 1878, aka rataye shi a 1880. Shekara 26 kacal tsakanin rataya da fim, mahaifiyarsa ma tana raye a lokacin. Wasu garuruwa a jihar Victoria suka hana nuna fim ɗin, saboda a ganinsu ya mayar da ɓarawo gwarzo. Kun ga ke nan tun ranar da aka haifi dogon fim aka haifi wannan rigimar.

A 1967 Amurka ta fitar da Bonnie and Clyde, labarin saurayi da budurwa 'yan fashi da jami'an tsaro suka yi wa kwanton ɓauna suka harbe a Louisiana ranar 23 ga Mayu, 1934. Fim ɗin ya nuna su kyawawa, masu ban sha'awa, har mai kallo ya manta cewa ana danganta ƙungiyarsu da kisan jami'an tsaro aƙalla tara. Ya kuma nuna sun kama jami'in da ke farautarsu, Frank Hamer, sun wulaƙanta shi, wai shi ya sa ya ƙullace su. Wannan bai taɓa faruwa ba. Hamer ya rasu tun 1955, ba shi da bakin kare kansa, sai matarsa da ɗansa ne suka kai kamfanin Warner ƙara, aka sasanta a wajen kotu a 1971. Amma miliyoyin da suka kalli fim ɗin, wa zai bi su gida-gida ya gyara musu?

Yanzu mu tafi Koriya ta Kudu.

Hwaseong a wancan zamani yanki ne na ƙauyuka da gonakin shinkafa da 'yan masana'antu, kudu da birnin Seoul, a lardin Gyeonggi. Daga watan Satumba na 1986 zuwa watan Afrilu na 1991, an tsinci gawarwakin mata goma a yankin, daga yarinya 'yar shekara 13 har tsohuwa mai shekara 71. Yawancinsu an yi musu fyaɗe, an shaƙe su da kayan jikinsu, an yar da su a gona ko magudanar ruwa. Tsoro ya kama gari. Jita-jita ta bazu cewa mai kisan yana fitowa ne a daren da ake ruwa, kuma yana bin mata masu jajayen kaya.

Hukuma ta zuba 'yan sanda kamar ba gobe. An bincika mutum sama da dubu 21. Duk da haka ba a kama shi ba. Kuma dole mu tuna wace irin ƙasa ce Koriya ta Kudu a lokacin. Lokacin da kashe-kashen suka fara, Janar Chun Doo-hwan ne ke mulki, wanda ya hau ta hanyar juyin mulki. Aikin da aka fi horar da ɗan sanda a kai shi ne tarwatsa zanga-zanga da matse ɗalibai. A watan Janairu na 1987, 'yan sanda a Seoul suka azabtar da wani ɗalibin jami'a mai suna Park Jong-chul da ruwa har ya mutu, abin da ya taimaka wajen tayar da gagarumar zanga-zangar watan Yuni na shekarar. Irin waɗannan jami'ai ne aka ce su je ƙauye su gano mai kisan da ba ya barin shaida. Wanda bai iya komai ba sai duka, idan ka ba shi bincike, duka zai yi.

A 2003 wani matashin darakta mai suna Bong Joon-ho, wanda daga baya duniya ta san shi da fim ɗin Parasite, ya fitar da Memories of Murder. Ya gina shi ne a kan wani wasan daɓe na Kim Kwang-rim da aka fara yi a 1996, ya haɗa da nasa binciken na jaridu da hira da mutane. Sama da mutum miliyan biyar suka sayi tikiti a Koriya. A lokacin ba wanda ya san mai kisan. Darakta bai sani ba, 'yan wasa ba su sani ba, masu kallo ba su sani ba.

Idan ka ɗauki biro ka ce za ka yi wa fim ɗin makin daidaito, zai faɗi a wurare da dama. Sunayen 'yan sandan ƙirƙira ne. Akwai wata waƙa da fim ya nuna ana roƙo a gidan rediyo duk daren da za a yi kisa, wannan ƙirƙira ce kawai. Maganar ruwan sama da jajayen kaya, wadda jita-jitar gari ce, fim ya ba ta ƙarfi fiye da yadda ainihin kashe-kashen suka nuna. Samfurin gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, fim ya ce Amurka aka kai, alhali Japan aka kai. Da a nan muka tsaya, sai mu ce abokina na majalisa ya sha ƙasa, fim ƙarya ne kawai.

Amma ku dubi abin da fim ɗin ya sa a gaba. Jarumin, wanda Song Kang-ho ya fito a matsayinsa, ɗan sandan ƙauye ne da ke cika baki cewa idan ya kalli idon mutum zai gane mai laifi. Abokin aikinsa kuma ba ya tambaya sai da ƙafa, har wani ƙyalle yake sa wa takalminsa don kada shuri ya bar tabo. Suka kama wani yaro mai taɓin ƙwaƙwalwa, suka buga sawun takalminsa a wurin da aka yi kisa, suka kai shi daji suka tsorata shi, suna karanta masa abin da zai faɗa suna naɗa a kaset. Da wannan ya wargaje suka kamo wani, suka rataye shi ƙafa sama kai ƙasa har ya amsa. Akwai daren da suka tabbata za a yi kisa, suka nemi ƙarin jami'ai, aka ce babu, duk an tura su murƙushe zanga-zanga a Suwon. Washegari aka tsinci gawa.

Wato Bong bai san wanda ya yi kisan ba, kuma bai yi ƙaryar ya sani ba. Abin da ya sani shi ne yadda aka yi binciken, sai ya mayar da kyamararsa can. A ƙarshen fim, ɗan sandan ya bar aiki ya koma kasuwanci, ya biyo ta magudanar da aka tsinci gawar farko, wata yarinya ta gaya masa kwanan nan wani mutum ya zo ya leƙa wurin. Ya tambaye ta kamanninsa, ta ce fuska ce irin ta kowa. Sai ya juyo ya zuba wa kyamara ido. Bong ya bayyana daga baya cewa yana tunanin mai kisan zai zo kallo, shi ya sa ya so su haɗa ido.

Shekara 16 bayan fitar fim ɗin, a watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka sanar cewa sabon gwajin DNA a kan tsofaffin kayan shaida ya nuna mutum guda: Lee Choon-jae. Haifaffen Hwaseong ne, a nan yake zaune lokacin kashe-kashen. Tun a wancan lokacin an taɓa yi masa tambayoyi aka sake shi, wani ɓangare saboda masu bincike sun yi imani jinin mai kisan rukunin B ne, nasa kuma O ne. Kuma ba a gari aka same shi ba. Yana kurkuku a Busan, yana zaman ɗaurin rai da rai saboda fyaɗe da kisan ƙanwar matarsa a Cheongju a 1994. Lokacin da mutum miliyan biyar ke kallon fim suna tunanin yana yawo a cikinsu, shi ya shekara tara a tsare. Ya amsa kisan mutum 14 da fyaɗe kusan 30. Ba a iya gurfanar da shi a kansu ba, domin dokar lokacin ta ba da wa'adin shekara 15 ne, kuma wa'adin kisa na ƙarshe ya cika tun Afrilun 2006.

To ga inda labarin ya fi taɓa ni, kuma saboda shi na zaɓi wannan batu.

A cikin kashe-kashen goma, akwai na takwas, na watan Satumban 1988, inda aka kashe yarinya 'yar shekara 13 a cikin ɗakinta. Wannan 'yan sanda sun ce sun warware shi tuntuni, wai wani ne ya kwaikwayi mai kisan. A watan Yuli na 1989 suka kama wani matashi ɗan shekara 22 mai suna Yoon Sung-yeo, mai gyaran injinan noma, wanda bai yi nisa a karatu ba, kuma shan inna ta taɓa masa ƙafa tun yana yaro, yana ɗingishi. Suka hana shi barci na kwana uku, suka yi ta dukansa, suna tilasta masa tsallen kwaɗo da wannan ƙafar, har ya amsa. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya ɗaukaka ƙara, ya ce azaba ce ta sa ya amsa, kotu ba ta saurare shi ba. Sai a 2009 aka sake shi, bayan shekara 20, ya fito da tambarin mai kisan yarinya a goshi.

Da Lee ya fara amsa laifukansa a 2019, sai ya ce har na takwas ɗin shi ne. Aka sake buɗe shari'a a kotun Suwon. A watan Nuwamba na 2020 aka kawo Lee ya ba da shaida da bakinsa, ya ma ce ya kalli fim ɗin, kuma bai ji wani abu ba. Ranar 17 ga Disamba, 2020, kotu ta wanke Yoon, alƙali ya ba shi haƙuri a madadin ɓangaren shari'a. Ya shiga hannun hukuma yana ɗan shekara 22, aka wanke shi yana da shekara hamsin da 'yan kai.

Ku tsaya ku lissafa. A 2003, ranar da 'yan kallo ke dariya mai ɗaci a kan 'yan sandan da ke karanta wa yaro mai taɓin ƙwaƙwalwa abin da zai amsa, akwai mutum na gaske, mai ɗingishi, da ya shekara 14 a kurkuku saboda an yi masa irin wannan aikin. Fim ɗin ya faɗi gaskiya a kan tsarin da ya ɗaure shi, har fiye da yadda takardun kotu suka faɗa. Amma bai cece shi ba. Ba labarinsa fim ya bayar ba, kuma bayan fim ɗin sai da ya ƙara shekara shida a ciki. Abin da ya wanke shi kayan shaida ne da aka adana, da ɗakin gwaji, da lauyoyin da suka tsaya masa, da kotun da ta yarda ta sake duba kuskurenta.

Akwai kuma gefen da ko wannan fim mai kyau ya gaza. Matan da aka kashe, kusan duk a matsayin gawa muka san su. Mun san abincin da 'yan sandan ke ci, mun san faɗansu da barkwancinsu, amma ba mu shiga gidan mamaciya ko ɗaya mun zauna da uwarta ba. Wannan ciwo ne da ya bi kusan duk finafinan irin wannan: mai kisa da mai farautarsa su ne taurari, wanda aka kashe kuma kayan aiki.

Idan kuna son ganin inda ciwon ya yi tsanani, ku dubi shirin Dahmer da Netflix ta saki a watan Satumban 2022, a kan Jeffrey Dahmer wanda ya kashe maza da yara 17 a Amurka tsakanin 1978 da 1991. Cikin kwana 60 an kalle shi na sama da awa biliyan ɗaya. Ban ce bai faɗi gaskiya ba. Ya nuna yadda 'yan sandan Milwaukee suka mayar wa Dahmer wani yaro ɗan shekara 14 da ya tsere, suka yi watsi da matan baƙaƙen fata da suka kira su, kuma hakan ya faru a watan Mayun 1991. Amma matar da shirin ya ajiye a ɗakin da ke jikin nasa, a zahiri a wani gini na kusa take zaune, an haɗa labarin mutum biyu ne aka yi ɗaya. Sannan 'yar'uwar ɗaya daga cikin mamatan, wadda ta fashe da kuka da ihu a kotu a 1992, ta wayi gari ta ga an kwaikwayi wannan ranar tata, har kaya da gyaran gashi, ta ce ba wanda ya tuntuɓe ta. Masu shirin sun ce sun nemi iyalai da abokai kusan 20 ba wanda ya amsa. Ko da haka ne, shirun mai makoki ba izini ba ne. A nan kwaikwayon ya yi daidai ƙwarai, kuma daidaiton ne ya yi ciwo.

Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana. Ranar 5 ga Oktoba, 2012, a garin Aluu na jihar Ribas, gungun mutane suka yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal ihun ɓarayi, suka yi musu duka, suka cinna musu wuta, wasu na ɗauka a waya. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, ciki har da wani sajan na 'yan sanda. A watan Fabrairun 2023 fim ɗin Dark October ya hau Netflix a kan wannan labari, iyayen yaran kuma suka fito suka ce ba a nemi yardarsu ba. Ni ina cikin masu ganin ya kamata a yi ta tuna Aluu, domin ɗaukar doka a hannu bai bar mu ba, kudu da arewa. Amma wanda ya binne ɗansa yana da haƙƙin a ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin a sayar da ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa.

To ina muka kwana? Ni dai abin da na koya daga Hwaseong shi ne, tambayar "haka ya faru daidai?" ba ta isa ba. Kowane fim sai ya taƙaita shekaru zuwa awa biyu, sai ya haɗa mutane, sai ya sa wa mutane magana a baki a ɗakin da ba wanda ya shiga. Wannan ba ya dame ni. Abin da nake dubawa shi ne ƙarin da aka yi, wa ya amfana kuma wa ya cutar. Waƙar rediyo da Bong ya sa a fim ɗin ba ta ɓata sunan kowa ba. Ƙaryar da aka yi wa Frank Hamer ta ɓata sunan mamaci don a wanke 'yan fashi. Ina kuma duba ko fim ya yarda da iyakar saninsa, ko kuwa ya nuna mini yatsa ya ce ga mai laifi alhali kotu ba ta ce ba. Sannan ina tambaya, waɗanda abin ya faɗa wa, an ji ta bakinsu?

Wannan ba maganar 'yan kallo kaɗai ba ce. Da yawa cikinmu da ke wannan fafutuka ta matasa muna yin ƙaramin fim kullum ba mu sani ba. Wani abu ya faru a unguwa, kafin awa ɗaya mun yanka bidiyo, mun ɗora sauti mai ban tausayi, mun sa hoton wanda ake zargi, mun rubuta "ga azzalumin". Ko kuma a jera mutane a gaban 'yan jarida, a ce sun amsa laifi, mu yi ta turawa ba mu tambayi a wane ɗaki suka amsa ba, kuma bayan kwana nawa ba barci. Najeriya tana da dokar hana azabtarwa tun 2017, amma doka ba ta aiki a inda jama'a ke tafa wa duk wanda aka ce ya amsa. Ni kaina na taɓa tura irin wannan, ban kuma koma na bincika yadda shari'ar ta ƙare ba. Yoon Sung-yeo ma ai an ce ya amsa. Ƙasa guda ta yarda da haka har shekara 30.

Shawarata, ku nemi Memories of Murder ku kalla idan kuna da ƙarfin zuciya, amma ba da yara a kusa ba. Idan kun gama, kada ku tsaya a kan idon ɗan sandan nan da ke kallon kyamara. Ku buɗe intanet ku karanta abin da ya faru a kotun Suwon a 2020. Haka za ku yi wa duk fim ɗin da ya ce muku labarin gaskiya ne: ku kalla, sannan ku je ku nemi sunan da bai ambata ba.

Abokina na majalisa kuwa, na tura masa labarin Yoon. Bai ce na yi gaskiya ba, kun san halin mutanenmu. Ya dai turo mini da cewa, "Shekara ashirin fa, malam." Na ce masa ashirin cif.

Nan za mu dakata. Allah Ya kare mu daga zalunci, Ya kuma kare mu daga zama hannun da ake zalunci da shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.